Gasar Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa: Wanda Ya Ci Shi Ne Ya Cancanta?

Duk inda aka yi gasa, to, ba a rasa gardama a bayanta. Da zarar alƙalai sun faɗi wanda ya ɗauki kambu, sai ka ga taro ya rabu biyu, waɗansu na cewa an yi adalci, waɗansu kuwa har da rantsuwa wai an yi son kai. Wannan hali bai bar fagen dambe ba, bai bar sukuwar dawaki ba, balle fagen adabi inda babu mudu ko sikelin da za a ɗora abu a kai kowa ya gani da idonsa. Abin da nake so in ɗan taɓa a wannan maƙala, da izinin malamaina, shi ne irin wannan gardama dangane da nau'i guda na wasan kwaikwayo, watau wanda ake ginawa a kan waƙa da kiɗa da rawa, inda ɗan wasa zai ajiye magana ya ɗauki waƙa, waƙar kuma ita ce za ta ja labarin gaba. Ra'ayina, tun kafin tafiya ta yi nisa, shi ne ba a iya cewa wasa ya cancanci lambar da aka ba shi ko bai cancanta ba sai an fara sanin abin da alƙalan suka auna, da kuma abin da suka gani da idonsu. Idan aka bi ta wannan hanya za a tarar da cewa galibin waɗanda suka ci, sun ci da gaskiya bisa ma'aunin da aka ɗora su a kai. Ma'aunin ne ke da tawaya, kuma tawayar namu na nan gida ta fi ta na Turawa tsanani.

Bari mu fara da can waje, domin a can ne irin wannan wasa ya zama babbar sana'a. A birnin Niyok na Amurka akwai unguwar gidajen wasa da ake kira Broadway, kuma tun 1947 ake ba da wata lambar yabo mai suna Tony ga wasannin da aka nuna a wurin. Daga 1949 aka ware lamba ta musamman domin wasa mai waƙa da ya fi kowane a shekara. Ita wannan lamba ba ado ba ce kurum. Wasan da ya same ta yakan daɗe ana nuna shi, tikitinsa ya yi kasuwa, a yi ta yawo da shi gari-gari. Wanda ya rasa ta kuwa wani lokaci ba ya rufa wata biyu sai a rufe shi, 'yan wasa da makaɗa su watse neman wani aikin. Saboda haka gardamar da ake yi a kanta gardama ce ta abinci.

Misalin da ya fi shafarmu shi ne na 2010. A ƙarshen 2009 aka fara nuna wani wasa a Broadway mai suna Fela!, wanda Bill T. Jones ya shirya a kan rayuwar mawaƙin nan na Legas, Fela Anikulapo Kuti. An mai da gidan wasan ya zama kamar gidan rawarsa na Legas, aka kawo labarin farmakin da sojoji suka kai gidansa a 1977, da yadda aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti daga bene, abin da ya zama ajalinta a 1978. An sa sunan wasan a takarar lambobi 11, ya ci 3, watau ta tsara rawa da ta sutura da ta tsara sauti. Amma babbar lambar sai ta tafi ga wani wasa mai suna Memphis, labarin wani Bature mai sa faifai a gidan rediyo a shekarun 1950 wanda ya kamu da son kiɗan baƙar fata da kuma wata mawaƙiya baƙar fata. Hujjar masu goyon bayan wannan hukunci a fili take: cikin wasanni 4 da suka kai zagayen ƙarshe a shekarar, Memphis ne kaɗai aka zauna aka tsara wa sababbin waƙoƙi. Sauran ukun, har da Fela!, a kan tsofaffin waƙoƙin da duniya ta riga ta sani aka gina su.

Wannan hujja ba ta banza ba ce, kuma bai kamata kishin ƙasa ya sa mu yi watsi da ita ba. Wanda ya zauna ya ƙagi waƙa daga babu ya yi aikin da wanda ya ɗauko ta a shirye bai yi ba. Idan kuma aka saba ba mai aro kambu, gobe kowa sai ya tattaro waƙoƙin da suka yi tashe ya ɗinka su da zaren labari mara ƙwari ya ce ya yi wasa. Mu ma mun ga irin wannan a finafinan Hausa, inda aka daɗe ana ɗauko karin waƙar Indiya a zuba masa kalmomin Hausa, a tsayar da labari cak domin saurayi da budurwa su yi rawa a lambu, sa'an nan a koma inda aka tsaya kamar ba a yi kome ba. To, amma duk da haka ina ganin an tauye Fela!. Dalilina shi ne waƙoƙin Fela ba aro aka yi aka liƙa wa wani labari dabam ba, su ne labarin kansa, domin saboda su ne aka ƙone masa gida, aka yi ta kai shi kurkuku. Sabon abu a wasa mai waƙa ba lalle ne ya zama karin waƙar ba. Yana iya zama aikin da aka sa waƙar ta yi. Alƙalan 2010 sun auna sabuntar kari, suka ba mai ita, ba su yi ha'inci ba. Sai dai abin da suka auna ɗin bai kai girman sunan da ke jikin lambar ba.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 1958 wasan The Music Man ya kayar da West Side Story, wanda Leonard Bernstein ya tsara wa kiɗa, aka kuma gina shi a kan labarin Romeo da Juliet na Shakespeare. Da aka mai da wanda aka kayar ɗin fim a 1961 sai ya kwashi lambobin Oscar har 10. A 1988 kuma Sarafina! na Mbongeni Ngema, wanda ya kawo labarin boren 'yan makarantar Soweto na 1976 a daidai lokacin da mulkin wariyar launin fata ke kan ganiyarsa a Afirka ta Kudu, ya shiga takarar lambobi 5 ya fita hannu rabbana, The Phantom of the Opera ya ɗauki kambu. Ana kuma yawan zargin cewa da yake cikin masu jefa ƙuri'ar akwai masu gidajen wasa da masu zuba jari, ido yakan karkata ga wasan da zai yi ciniki in an kai shi wasu garuruwa. Ko ma mene ne, akwai abu ɗaya da ba za a iya ƙwace wa waɗannan alƙalai ba: ƙa'idarsu ita ce sai mutum ya je ya zauna ya kalli wasa, ya ji waƙar da kunnensa, kafin ya yi hukunci. A nan ne muka sha bamban da su.

Mu dawo gida. Tarihin rubutaccen adabin Hausa na boko, kamar yadda duk ɗalibin da ya karanta Hausa a Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya sani, tarihi ne da gasa ta yi wa turaku. Gasar 1933 da Dokta R. M. East ya shirya a nan ƙasar Zazzau ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Gasa ce ta ƙagaggun labarai, babu wasan kwaikwayo a cikinta. Wadda kamfanin NNPC ya shirya, aka buga littattafanta a 1980, ita ma ta zube ce: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Amadi na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Sai a gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya, wadda littattafanta suka fito a 1982, muka ga wasan kwaikwayo ya sami shiga, inda Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Abdullahi Alƙanci ya fito tare da su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya.

Shin Soyayya Ta Fi Kuɗi ya cancanta? In a matsayin littafi ake tambaya, ba ni da ja. Marubucin ya ɗauki jigon da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya a wancan zamani na kuɗin man fetur, watau rinjayar dukiya a sha'anin aure, ya tsara shi kashi-kashi da fitowa-fitowa yadda tsarin rubutaccen wasa ya tanada, alƙalai suka karanta suka gamsu. Amma a lura da kalmar: karantawa suka yi. Abin da aka aika musu takarda ce, a ofis aka duba ta, a takarda aka ba da maki. Gasar da aka tsara ta haka, ko da alƙalanta waliyyai ne, ba yadda za a yi wasa mai waƙa ya ci ta, domin waƙa in an sauke ta a takarda ba kari ba kiɗa ba amshi, ta zama ganga ba fata. Ke nan tun daga ranar da aka rubuta sharuɗɗan shiga aka riga aka kayar da irin wasan da Bahaushe ya fi ƙwarewa a kai, ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba.

Na ce wasan da Bahaushe ya fi ƙwarewa a kai, kuma ina so in tsaya a nan kaɗan, domin akwai masu ganin wai wasa mai waƙa baƙon abu ne da muka gano a sinima. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu na arewacin Zazzau, ko a Likoro ko Hunƙuyi ko Kudan ko Ikara, ya san abin da ke faruwa da zarar azumi ya kwana goma. Bayan an sha ruwa an huta, sai yara da samari su rarrabu ƙungiya-ƙungiya su shiga gidaje tashe. A duba abin da idon nazari, a gani ko akwai wani rukuni na wasan kwaikwayo da ya ɓace. Akwai shiga: gemun auduga, da tsummoki, da ƙunzugun ciki na ƙarya, da baƙin tukunya a fuska. Akwai tauraro mai bayarwa, akwai 'yan amshi. Akwai dandamali, watau tsakar gida. Akwai jigo: a wasan Jatau mai magani ana kwaikwayon mai tallar saiwoyi da ɓawon itatuwa, yaro ya haddace sunayen tsirrai da amfaninsu ba tare da ya san karatu yake yi ba; a na Mairama da Daudu 'yan mata suna koya wa junansu zaman gidan miji; a Macukule ana barkwanci da maƙwabtanmu Gwari; a tashen gwauro kuwa ana yi wa marar aure tsiya a bainar jama'a. A duk waɗannan babu inda magana zalla ta ɗauki nauyin labari. Waƙa ce ke buɗe wasa, ita ke tafiyar da shi, ita ke rufe shi. Har alƙalai akwai, domin matan gida sun san ƙungiyar da ta iya da wadda ta zo neman hatsi kawai, kuma tukuicin da suke bayarwa ba ya zama daidai.

Haka abin yake a Kalankuwa, wadda ƙauyen Bomo kusa da Samaru ya yi suna a kanta, inda bayan an kawar da amfanin gona samari kan naɗa nasu sarki da alƙali da gwamna da 'yan doka, a yi ta shari'ar wasa ana kiɗa. Haka yake a wasan Gauta na matan fada. Kai, ko marigayi Ɗan Maraya Jos, a waƙarsa ta Jawabin Aure, ai wasan kwaikwayo yake yi shi kaɗai da kuntiginsa, ya ari bakin miji ya ari bakin mata. To, a ɗauki ɗaya daga cikin wasannin tashen nan a rubuta a aika gasa. Ba zai cika shafi guda ba, alƙali zai ce babu zubi, babu warwarar jigo, maimaici ya yi yawa. Idan kuma aka zo da ma'aunin da aka kayar da Fela! da shi, watau sai sabuwar waƙa, to, duk tashe ya faɗi warwas, domin waƙoƙinsa gado ne, ba a san wanda ya ƙage su ba. Gwanintar mai tashe tana cikin yadda ya juya abin da kowa ya sani har ya ba tsohuwa dariya kamar yau ta fara ji.

Wani abin lura kuma shi ne manyan wasanninmu na zamani ba daga gasa suka fito ba. Shu'aibu Maƙarfi, wanda mu mutanen wannan yanki muke tutiya da shi, a rediyo aka fara jin wasanninsa kafin a buga Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Kunne ne ya fara tace su kafin ido. Shi ya sa har yau in ka karanta yadda Kyallu ke juya Malam Jatau har ta raba shi da iyalinsa da dukiyarsa, sai ka ji kamar a zaure ake maganar. An gwada kowace jimla a bakin mutum kafin ta shiga maɗaba'a. Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan shi ma ɗan rediyo ne. Shi kuwa Shaihu Umar, wanda ya fara rayuwa a matsayin labarin gasar 1933, sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka hau da shi dandamali, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976 aka nuna a bikin FESTAC na 1977, kafin waɗanda ba su yi boko ba su san shi. An daɗe ana zaton fim ɗin ya salwanta, sai da aka gyara shi aka sake nuna shi a bikin finafinai na Barlin a 2018.

Wani zai ce, to, ai maganin abin mai sauƙi ne, a kai alƙalai gaban dandamali. 'Yan'uwanmu na Nijar sun gwada. A zamanin Janar Saini Kunce, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, an riƙa yin bikin matasa na ƙasa ana zagayawa da shi manyan garuruwa, ƙungiyoyin samariya suna karawa a fannin wasan kwaikwayo da waƙa da rawa, a gaban jama'a, da harsunan gida. A irin wannan yanayi ne wasan Hausa na su Yazi Dogo na Damagaram ya bunƙasa. Wannan ya fi namu nesa ba kusa ba. Amma shi ma yana da tasa illar, domin gwamnati ce mai biki, ita ce mai kyauta, kuma da wuya a ce ƙungiyar da ta san haka ba za ta karkata jigonta wajen abin da zai faranta ran mai gayya ba. Mai ba da goro ba a cika yi masa habaici a gabansa ba, alhali kuwa habaici shi ne gishirin tashe da Kalankuwa.

Akwai kuma masu cewa a bar wa zamani hukunci, wasan da ya rayu shi ne gwani. Ina ɗari-ɗari da wannan magana. Gaskiya ne West Side Story ya fi wanda ya kayar da shi suna a duniya. Amma The Phantom of the Opera ya ci lamba ya kuma rayu, an yi shekara 35 ana nuna shi a Broadway kafin a rufe a 2023, wannan kuwa bai sa na yarda cewa ya fi Sarafina! nauyi a wurin ɗan Afirka ba. A nan gida ma, me ke raya littafin wasa? Jatau Na Kyallu da Uwar Gulma da Kulɓa Na Ɓarna sun zauna a kan ɗalibai ne saboda an sa su cikin manhajar makarantu da jarrabawa, masu sa su kuwa wani kwamiti ne da ke zaune a ofis yana karanta takarda. Ashe zamanin da ake cewa a bar wa hukunci, shi ma da hannun alƙalai a cikinsa. Wasan da ba a buga ba, ba a ɗauka a faifai ba, ba ya ma samun damar zuwa gaban zamani. Wasannin da malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa shiryawa tare da manoma a Soba da Maska da Bomo tun daga ƙarshen shekarun 1970, waɗanda suka cika da waƙa da kiɗan mutanen wurin, labarinsu muke karantawa a rahoto; muryar ta tafi da waɗanda suka yi ta.

Saboda haka ga shawarata ga Ƙungiyar Hausa da kuma malamanmu na adabi, tunda gyaran gasar ƙasa ya fi ƙarfin ɗalibi, amma ta Makon Hausa tana hannunmu. A raba kyautar wasan kwaikwayo gida biyu, ta rubutaccen wasa dabam, ta wasan dandamali mai waƙa dabam, kada a sake kiran ɗaya da sunan duka. A ta biyun kada a nemi sai sabuwar waƙa. A bar mai so ya ɗauko daga tashe ko gaɗa ko waƙar niƙa ko ta daɓe, a auna shi a kan aikin da ya sa waƙar, watau in an cire ta labarin zai tsaya ko zai rushe. Cikin alƙalai a sa makaɗi guda na sosai, da dattijuwa guda da ta san waƙoƙin mata, su zauna daidai da malamin jami'a, ƙuri'arsu ɗaya da tasa. Bayan hukunci kuma alƙalai su rubuta dalilansu a buga a wannan mujalla, domin mai jayayya ya sami abin da zai kama, maimakon gunaguni a ɗakin kwana. A kuma ɗauki kowane wasa da na'ura, hoto da sauti, a ajiye a laburaren sashe, wanda ya ci da wanda bai ci ba.

Abu na ƙarshe shi ne wurin yi. Wasan da ya kai zagayen ƙarshe a nuna shi sau biyu, sau ɗaya a zauren jami'a, sau ɗaya a ƙauye, alƙalai suna zaune a duka biyun. Ɗalibai suna tafa wa abokinsu ko ya yi kuskure. Mutumin ƙauye kuwa in abu bai yi masa ba tashi yake ya kaɗe rigarsa ya tafi. Likoro ba ta da nisa daga Samaru, haka Hunƙuyi, kuma da kaka, bayan an gama girbi kafin aikin rake da na fadama ya kankama, ba a rasa jama'a a dandali da daddare. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin mota da na fitila ba, sai kuma a aika wa mai gari tun da wuri a nemi izni.